Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsara Kundin Dubawa na Manhajar Gina Shafukan Intanet

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukansu daga cikin garin Kaduna, kuma dukansu a kan magana ɗaya suke, wato yadda masu rubuta manhaja za su tsara bayanin da suke bar wa masu amfani da ita. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina biyar muna haɗuwa a Barnawa duk ranar Asabar, kuma shekara biyu ke nan muna gina wani ɗan ƙaramin firemwok da harshen Python, wato ƙwarangwal ɗin manhaja wanda mai gina shafin intanet zai ɗora aikinsa a kai, ba sai ya faro komai daga tushe ba. Mun sa shi a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, kowa yana iya ɗauka ya yi aiki da shi ko ya gyara. Damuwarmu ita ce bayanin yadda ake amfani da shi. Duk abin da muka rubuta yana cikin fayil guda, wanda ya yi tsawon da mu kanmu ba ma iya gano abu a cikinsa, kuma kullum sai an turo mana tambayar da muka riga muka amsa a ciki. Ta ina za mu fara gyara, kuma wane tsari ya kamata mu bi? Daga wani mai karatu, Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan zama naku na Asabar. Abin da ya same ku ya sami kusan duk wanda ya taɓa sakin manhaja ga jama'a, kuma ina ganin tsawon fayil ɗin alama ce kawai, asalin ciwon shi ne kun tara mutane masu buƙata daban-daban a ɗaki ɗaya kuna yi musu magana a lokaci guda.

Ka ɗauki mutum biyu. Na farko ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, jiya ya ji labarin firemwok ɗinku, bai san komai a kansa ba, yana so a kama hannunsa a ce masa rubuta wannan, danna wancan, ga abin da za ka gani a allo. Na biyu kuwa ya yi wata shida yana aiki da shi. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an ɗauke wuta, cajin kwamfutarsa ya kusa ƙarewa, datar da yake jawowa daga wayarsa ita ma ta yi ƙasa, gobe da safe kuma zai miƙa wa mai makaranta shafin da ya yi masa alkawari. Abu ɗaya ne ya kawo shi wurinku: yana so ya san ko wani saiti, wato zaɓin da ake daidaita aikin manhaja da shi, lamba yake karɓa ko rubutu, da kuma abin da zai faru idan ya bar shi babu komai. Idan kuka sa wannan bawan Allah ya ratsa sakin layi goma na koyarwa kafin ya kai ga layi ɗayan da yake nema, zai rufe shafin ya turo muku tambaya ta WhatsApp, kuma ga dalilin da ya sa kuke ta maimaita amsar abin da kuka riga kuka rubuta.

Daniele Procida, wanda ya daɗe cikin masu raya Django, wani sanannen firemwok na Python, ya raba rubutun bayanin manhaja gida huɗu a wani tsari da ya sa wa suna Diátaxis. Akwai darasin farawa, irin wanda ɗalibinmu na farko yake buƙata. Akwai jagorar biyan wata buƙata takamaimai, kamar yadda za a sa shafi ya aika wa iyaye saƙon imel. Akwai sharhi, inda ake bayyana dalilin da ya sa aka gina abu yadda aka gina shi. Sai na huɗu, kundin dubawa, wanda shi ne gidan mutuminmu na ƙarfe sha ɗayan dare, kuma a kansa zan tsaya, domin shi ne ya fi saurin hargitsewa idan manhaja ta fara girma. Kundin dubawa ɗan'uwan ƙamus ne. Ba wanda yake zama ya karance ƙamus daga bango zuwa bango. Ana buɗe shi a nemi kalma ɗaya a rufe, kuma ƙimarsa tana ga saurin da mai nema ya sami abin da yake nema da kuma amincewarsa cewa abin da ya gani daidai ne.

Ka'idar da zan ba ka, wadda in ka riƙe ta sauran za su zo da sauƙi, ita ce kundin ya bi siffar manhajar kanta. Ka leƙa shagon mai sayar da kayan gyaran mota a Panteka ka gani. Bai jera kayansa bisa ranar da aka kawo su ba, bai kuma ware wa sabon makanike kanta guda da tsohon makanike wata ba. Kayan birki suna gefe guda, kayan injin suna nasu gefen, kayan wuta suna nasu, domin makaniken da ya shigo da baƙin mai a hannunsa ya riga ya san sassan mota, kuma da wannan sanin yake neman abin da yake so. Motar ce ta tsara shagon. Haka mai aiki da firemwok ɗinku ya riga ya san cewa akwai sashen da ke hulɗa da rumbun bayanai, da sashen fom, da sashen adireshin shafuka, da sashen shigar masu amfani, tunda kullum yana rubuta sunayensu a kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da yake ba kwamfuta. Idan kundin ya zo da babi-babi masu ɗauke da waɗannan sunaye a wannan jeri, ba sai ya koyi wata sabuwar taswira ba.

Django misali ne mai kyau a nan, tunda ku ma da Python kuke aiki. An faro shi ne a ofishin jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas a Amurka, a hannun Adrian Holovaty da Simon Willison, aka sake shi ga jama'a a 2005. Idan ka buɗe foldar bayanansa za ka ga an ware intro domin masu farawa, da topics domin sharhi, da howto domin jagorori, da ref domin kundin dubawa. A cikin ref kuma rabon yana bin rabon kod ɗin: abin da ke cikin django.forms yana ƙarƙashin forms, abin da ke cikin django.contrib.admin yana ƙarƙashin contrib sannan admin. Mutanen Ruby on Rails, wani firemwok da David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, sun ma kai ga ba wa jagorori adireshi daban, kundin dubawa kuma adireshi daban. Ba lallai ne ku kai can ba, amma shingen da ke tsakanin biyun ya zama a fili.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba sai an gwada, wato yana tona giɓi. A cikin dogon fayil ɗinku, idan wani sashe na manhajar ba shi da bayani ko kaɗan, babu mai ganewa. Amma idan kowane sashe na kod yana da shafinsa, ranar da ɗayanku ya ƙara sabon sashe bai rubuta komai a kansa ba, gurbin zai fito kamar wawulo a baki. Ina kuma jan kunnenku game da tsari biyu masu jan hankali da ba sa ɗorewa. Ɗaya shi ne raba kundin zuwa na masu farawa da na matsakaita da na ƙwararru, domin mai nema bai san a wane aji kuka ajiye abin da yake so ba. Ɗayan shi ne barin kowannenku ya rubuta shafin abin da ya gina yadda ransa ya so, wanda ƙarshensa shi ne kundi ɗaya mai salo shida.

Wannan ya kawo mu ga zubin kowane bayani. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya san cewa idan aka shiga babin alwala za a kawo farillai, sannan sunnoni, sannan mustahabbai, kuma idan aka shiga babin wanka ko na salla haka jerin zai sake zuwa, har ɗalibi ya saba, ya san inda zai kai idonsa tun bai gama buɗe shafin ba. Ku yi wa kowane fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, da kowane saiti irin wannan jeri, kada ku saɓa shi. A fara da sunan abin daidai yadda ake buga shi, har da manya da ƙananan baƙaƙe, da wurin da ake jawo shi. Sai jimla ɗaya da ke faɗin aikinsa. Sai abubuwan da ake miƙa masa, kowanne da irinsa da bayanin ko dole ne ko ganin dama. Sai abin da yake ɗauka da kansa idan ba a faɗa masa komai ba. Sai abin da yake mayarwa, da kuskuren da yake iya tayarwa da halin da ke jawo shi. A rufe da gajeren misali da sigar manhajar da abin ya fara bayyana a cikinta.

A cikin waɗannan duka, wanda aka fi mantawa kuma ya fi cutarwa shi ne abin da manhaja take ɗauka da kanta, domin wanda ya rubuta kod ɗin ya san shi har ya daina ganinsa. Ka duba saitin TIME_ZONE na Django. Layin farko na bayaninsa yana gaya maka cewa idan ba ka sa komai ba, agogon America/Chicago zai bi, wato agogon da Lawrence, garin da aka haifi Django, yake bi. Fayil ɗin saiti da ake ƙirƙira wa sabon aiki kuma UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, yake sawa. Mai gina shafi a Kaduna yana buƙatar Africa/Lagos, wanda yake gaban UTC da awa ɗaya. Idan bai san haka ba, uban da ya biya kuɗin makarantar ɗansa da ƙarfe sha biyu da rabi na dare zai ga rasit ɗinsa ɗauke da kwanan watan jiya, akawun makarantar kuma ya kwana yana neman inda lissafin rana ya karkace. Layi ɗaya a wurin da ya dace ya isa ya hana wannan duka.

Harshen kundin ya zama a tsaye, babu talla, babu lallashi, babu labarin wahalar da kuka sha kafin ku gano dabarar. Waɗannan suna da gidansu a sashen sharhi, sai ku sa mahaɗa daga nan zuwa can. Kuma kowace gaskiya ta kasance da gida ɗaya tak. Idan kun bayyana abin da wani saiti yake karɓa a kundin dubawa, kada ku sake kwafe shi a darasin farawa da jagorori uku, domin ranar da saitin ya canza za ku gyara wuri biyu ku manta da uku, mai karatu kuma ba shi da hanyar sanin wanne ne na gaskiya. Game da jerin abjadi, yana da amfani a inda abubuwa suke da yawa kuma matsayinsu ɗaya, kamar saituna. Django ya jera manyan saitunansa bisa abjadi, sannan a ƙarshen shafin ya ƙara wani fihirisa bisa maudu'i, saboda wanda ya san sunan ya bi ta farko, wanda ya san buƙatarsa kawai ya bi ta biyu. Ku kuma tabbata kowane bayani yana da adireshinsa na kansa wanda zai kai mutum kan layin kai tsaye, ta yadda in an yi tambaya a WhatsApp amsarku za ta zama mahaɗa ɗaya. Da zarar adireshi ya fita duniya kada ku canza shi, in kuwa ya zama dole, ku sa tsohon ya riƙa tura mutane zuwa sabon.

Ta inda za ku fara kuwa, ku ba da Asabar ɗaya ga wannan aiki kaɗai. Ku bi dogon fayil ɗin sakin layi bayan sakin layi, kuna yi wa kowanne alamar gidan da ya dace da shi cikin huɗun nan. Wanda ya ɗauki alama biyu ku raba shi biyu, kuma za ku tarar irinsa sun fi yawa. Sannan ku rubuta jerin duk sunayen da kuka yarda mutanen waje su kira daga kod ɗinsu, ku ga nawa ne ba su da bayani. Kada ku ce sai kun cike duka kafin ku fitar. Ku koma cikin saƙonnin da aka turo muku, ku zaɓi abubuwa goma da aka fi tambaya, ku rubuta su da cikakken zubi, su zama abin koyi ga sauran. Shi kuma fayil ɗin farko ku rage shi ya koma ƙofar gida: mene ne wannan manhaja, yaya ake girka ta, wane lasisi take ɗauke da shi, ina sauran bayanin yake.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Kaduna, ina taimakawa a wani buɗaɗɗen aiki irin wannan. Wanda yake jagorantarmu ya ce ba sai mun wahalar da kanmu da rubuta kundi ba, akwai manhajar da za ta ciro shi daga kod da kanta. Shin wannan ya wadatar? Sannan mun fitar da siga ta biyu wadda ta canza sunayen abubuwa da dama, shin mu goge bayanin ta farko? Daga wata mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Barka kadai, Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Jagoranku yana da rabin gaskiya. Manhajar da yake nufi, in da Python kuke aiki, mai yiwuwa Sphinx ce, wadda Georg Brandl ya rubuta aka fitar a 2008 domin bayanan harshen Python kansa. Tana da wani ƙari mai suna autodoc da ke shiga cikin kod ya kwaso sunan kowane fankshin da abubuwan da yake karɓa da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Alherin wannan a bayyane yake: suna ba zai taɓa saɓa wa abin da ke cikin kod ba, tunda daga can aka ɗebo shi.

Sai dai na'ura abin da aka zuba mata take mayarwa. Idan abin da aka rubuta a ƙarƙashin wani fankshin mai suna get_user shi ne cewa yana kawo mai amfani, to kundin zai fito da kyan gani, da launi da fihirisa, amma bai gaya wa kowa abin da sunan bai riga ya faɗa ba. Me zai faru idan ba a sami mutumin ba, zai mayar da wofi ne ko zai tayar da kuskure? Wannan ita ce tambayar mai nema, kuma sai mutum ya zauna ya amsa ta. Haka nan na'ura ba ta san wane abu ne na yau da kullum wane ne na cikin gida da bai kamata baƙo ya taɓa ba, sai ta baje su duka a faifai ɗaya in ba a hana ta ba. Shi ya sa Django, duk da cewa da Sphinx yake gina shafukansa, da hannu ake rubuta kundinsa. Laravel kuma, firemwok ɗin da Taylor Otwell ya fitar a 2011 domin masu harshen PHP, ya riƙe biyun a rabe: bayanin da mutane suka rubuta da hannu a wuri guda, wanda na'ura ta ciro daga kod a wani wurin.

Shawarata ga ƙaramar ƙungiya irin taku ita ce ku bar wa na'ura sunaye da jerin abubuwan da ake miƙawa, ku kuma ku riƙe tsarin babi-babi da gabatarwar kowane shafi da bayanin halin da abu yake shiga idan an ba shi abin da bai zata ba. Ku ajiye bayanin a ma'ajiya ɗaya da kod ɗin, ku kafa doka cewa ba a karɓar gyaran da ya ƙara sabon abu sai ya zo da bayaninsa a tare. Wannan doka ce da Django yake bi, kuma ita ce take hana kundi zama a baya. Sphinx tana da wani ƙarin mai suna doctest da ke gwada misalan da ke cikin bayani ya ga ko har yanzu suna aiki. Ku kunna shi, domin misalin da aka kwafa ya ƙi aiki yana zubar da mutuncin duk shafin.

Bayanin siga ta farko kuwa kada ku goge shi. Akwai wanda ya gina wa wani asibiti ko shago shafi da ita, an biya shi an sallame shi, ba zai sabunta ba sai dole ta kama, kuma ranar da wani abu ya lalace bayanin sigarsa zai nema. Ga misalin yadda abu kaɗan yake canza ma'ana: saitin USE_TZ na Django, in ba a taɓa shi ba, a kashe yake a sigogin baya, amma daga siga ta 5.0 da ta fito a Disambar 2023 ya koma a kunne. Suna ɗaya ne, shafi ɗaya ne, amsa biyu ce, kuma sigar da ke hannun mutum ita ke nuna wadda ta shafe shi. Saboda haka Django yake sa lambar siga a cikin adireshin kowane shafi, yake kuma liƙa gargaɗi a saman shafukan sigogin da aka daina kula da su. Yana fitar da sabuwar siga kusan duk wata takwas, wasu kuma ana kula da su har shekara uku, don haka a kowane lokaci akwai kundi fiye da ɗaya da ke raye. Sphinx tana da alamomin versionadded da versionchanged da ake sawa a jikin bayani domin nuna lokacin da abu ya shigo ko ya canza. Tunda kun canza sunaye, ku bar kowane tsohon suna a sabon kundin da layi ɗaya mai nuna sunan da ya gaje shi. Shafin Read the Docs, wanda aka kafa a 2010, yana ɗaukar nauyin bayanan buɗaɗɗun manhajoji kyauta, yana gina kundi daban ga kowace siga, yana kuma iya fitar da shi a matsayin PDF ko fayil ɗin da za a sauke a karanta ba tare da intanet ba. A garin da data take da tsada kuma sabis yake zuwa yana ɗaukewa, wannan na ƙarshen ya cancanci a kunna shi tun ranar farko.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyar da matasa gina shafukan intanet a wata ƙaramar cibiya, kuma da yawansu sun fi fahimta idan na yi bayani da Hausa. Ina so in fassara musu kundin firemwok ɗin da muke aiki da shi. Akwai abin da ya kamata in kiyaye? Daga wani malami, Kawo.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri, wannan niyya ce da nake fatan ta yaɗu. Ka fara da darasin farawa kafin kundin dubawa, domin a nan ne harshen uwa ya fi yin aiki, kuma darasin gajere ne, za ka iya gama shi ka gwada a kan ɗalibanka cikin 'yan makonni. Kafin ka taɓa komai ma ka duba lasisin ka tabbata ya yarda da fassara da rarrabawa. Yawancin lasisin buɗaɗɗun manhajoji sun yarda, da sharaɗin a bar sunan masu aikin na asali.

Idan ka zo kan kundin, duk sunan da ake bugawa a cikin kod ka bar shi yadda yake, kada ka fassara ko ka sauya rubutunsa, domin kwamfuta ba ta san wani suna ba sai wannan, kuma saƙon kuskuren da ɗalibi zai gani da wannan sunan zai zo. Bayanin da ke kewaye da sunan shi ne naka. Ka buɗe shafi guda na ma'anar kalmomi tun kafin ka fassara layi ɗaya, ka yanke shawara sau ɗaya a kan kowace kalma, ka tsaya a kanta. Idan ka kira abu rumbun bayanai a wannan shafi, kada ya koma ma'ajiyar bayanai a na gaba, domin a kundin dubawa sabuwar kalma tana sa mai karatu ya zaci sabon abu ne. Tsarin babi-babi da adireshin kowane bayani su zauna daidai da na asali, bambancin kawai alamar harshe, wadda ta Hausa ita ce ha, saboda ɗalibi ya iya tsallakawa tsakanin biyun a kan layi ɗaya. Kada kuma ka kwafi shafukan ka fassara su gefe guda. Sphinx tana aiki da tsarin gettext, wanda yake yanka rubutu sakin layi-sakin layi ya ajiye kowanne tare da fassararsa, ta yadda idan na asali ya canza za a nuna maka ainihin wurin da fassararka ta tsufa.

Abu na ƙarshe ya shafi baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta su daidai, ka ajiye fayilolinka a tsarin UTF-8 da ke iya ɗaukar waɗannan baƙaƙe, amma ka sani cewa mafi yawan ɗalibanka za su buga kirkira a akwatin bincike alhali kai ƙirƙira ka rubuta, kuma akwatin zai iya ce musu babu. Dabarar da aka saba amfani da ita wajen cire alamar da ke kan wasulan Faransanci ba ta aiki a nan, domin a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane baƙi lambarsa a kwamfuta, ƙ baƙi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa alama. Sai an rubuta ɗan jadawalin da zai gaya wa injin binciken ya ɗauki ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b a matsayin abu ɗaya lokacin nema, ba tare da an taɓa rubutun da ke kan shafi ba. Haka kuma idan ka bar kwamfuta ta jera shafin ma'anar kalmomi bisa lambobin baƙaƙe, duk kalmar da ta fara da ɓ ko ɗ ko ƙ za ta faɗa can ƙasa bayan z, inda ba mai neman ta. Ka gyara jerin da hannu ko ka ba injin ka'idar jerin Hausa, sannan ka ba ɗalibi ɗaya wayarsa ka ce ya nemo maka kalma biyar kana tsaye a kansa, ka ga inda ya tsaya.